Kasuwar wata uku: Abin da na gani a dutsen zamiya na Ukaimeden

Mu mutanen Garwa, in aka ce sanyi, abin da muka sani shi ne hunturun Disamba da Janairu, lokacin da hazo ke lulluɓe gadar Binuwai da sassafe, 'yan babur su naɗe fuska da rawani, masu shayi su yi ciniki. Ƙarfe goma na yi, rana ta karɓi kayanta. Maris da Afrilu kuwa ba a magana, zafi ya haura digiri 40, ƙanƙarar da muka sani ita ce ta cikin leda da ake saya a jefa a kula lokacin azumi. Shi ya sa da ɗan ƙanwata mai karatu a Jami'ar Kadi Ayyad ta Marakesh ya ce da ni, "Kawu, gobe zan kai ka inda ake wasa a kan ƙanƙara," na zaci wani ɗakin sanyi ne irin na manyan kantuna.

A farkon 2018 ke nan. Na je ziyara Fas, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, na ce tunda na zo Maroko bari in gangara in duba yaron. Shekarar an yi sanyi na gaske, domin dusar ƙanƙara ta sauka har a Warzazat da Zagora, can bakin Sahara, inda aka daɗe rabon da a gan ta.

Wurin da ya kai ni sunansa Ukaimeden, 'yan gari na yanke shi su ce Uka. Yana cikin tsaunukan Atlas, kudu da Marakesh, tafiyar da ba ta wuce kilomita 80 ba. Amma kada kilomitar ta ruɗe ka. Da farko hanya ta miƙe cikin kwarin Urika, gonakin zaitun hagu da dama, sannan ta fara hawa tana lanƙwasa kamar macijin da aka taka wa wutsiya. Ranar Lahadi ce, kamar duk Marakesh ta yi gayya. Motoci sun yi jerin gwano, yara sun leƙo da kai ta taga suna ihu tun da suka hango farin dutse. Ni dai kunnuwana ne suka toshe. Garwa ba ta kai mita 300 daga doron teku ba, Ngaundare da muke kira gari mai sanyi mita dubu da 'yan kai ce, ga shi an kawo ni mita 2,600. Ina sauka daga mota na taka ƙafa goma, sai haki kamar wanda ya yi tsere.

Tun kafin ka ga filin wasan za ka ga kasuwar. A bakin hanya an jere allunan zamiya a jingine da bango, dogaye da gajeru, wasu fentinsu ya koɗe, wasu da gani ka san sun girmi masu haya da su. Ga takalman roba masu tauri kamar ƙarfe an tara su tuli, ga safar hannu, ga riguna masu kauri. Can ga masu tajin suna hura gawayi, ga mai shayin na'ana'a, ga masu tallar zuma da duwatsu masu ƙyalli. A tsakaninsu kuma alfadarai da jakuna, an yi musu shimfiɗa mai launi, suna jiran fasinja. Masu wannan harka kusan duk mutanen tsaunin ne, Amazik, waɗanda aka fi sani da Barbar, daga ƙauyukan da ke ƙasa.

Wani dattijo ne ya kama ni. Ya dube ni sama da ƙasa, babbar riga a kan suwaita biyu, ya tambaye ni da Faransanci daga ina. Na ce Kamaru. Sai ya dafe kai ya ce har yau bai yafe mana 1988 ba. Wato Gasar Kofin Afirka da aka yi a ƙasarsu, muka cire su a wasan kusa da na ƙarshe, muka je muka doke Najeriya da ci ɗaya a Kasablanka muka ɗauke kofin. Na ce, "Baba, ai shekara talatin ke nan." Ya ce to zan biya a kuɗin haya. Muka yi ta ja-in-ja har muka tsaya a dirhami 100, kusan jaka shida ta sefa, allo da takalmi da sanduna, da kuma shi kansa ya koya min.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin haka yake. Alluna biyu ne sirara, kowanne ya kusa tsayin mutum, bakinsu na gaba ya ɗan ɗaga sama. Ana ɗaure takalmin a kansu da wani maƙalli da aka yi shi yadda in ka faɗi da ƙarfi zai saki, don kada ƙafa ta karye. Sanduna biyu a hannu. Ba birki, ba linzami. In kana son tsayawa sai ka haɗa bakin allunan a gaba ka buɗe bayansu, ka danna gefensu na ciki cikin dusar. In kana son juyawa hagu sai ka ɗora nauyinka a ƙafar dama. Wannan ne ya fi ba ni wahala, domin jiki ba ya yarda. Duk wanda ya saba da doki ko babur, inda yake son zuwa nan yake karkata. Dattijon ya yi ta faɗa min in sunkuya gaba, ni kuwa tsoro na mayar da ni baya, da na koma baya sai allunan su gudu su bar ni. Na faɗi sau nawa, ban ƙirga ba. Yaron nan yana gefe da waya yana ɗauka, wai zai tura wa mahaifiyarsa. Na ce in ya tura, kuɗin da na zo masa da su sun koma Garwa.

Amma fa akwai wani ɗan lokaci, bai fi daƙiƙa ashirin ba, da abin ya zauna. Na gangaro a hankali, ba ƙara sai wani sautin "shhh" a ƙarƙashin ƙafa, iska na dukan fuska. Na tuna yadda muke yanka tsohuwar jarka muna yara mu zauna a ciki mu sulalo daga gangaren yashi a bakin kogi. Daɗin iri ɗaya ne, wallahi. Nan ma na ga yaran da iyayensu ba su da kuɗin haya sun zauna a kan buhun leda suna sulalowa, kuma su suka fi kowa dariya.

Sai maganar hawa, wadda ita ce ke mayar da dutse filin wasa. Gangarowa minti biyu ce, hawa da ƙafa cikin waɗannan takalma kuwa sai ka yi rabin sa'a. Don haka aka kafa na'urori iri biyu. Ƙaramar ita ce igiyar ƙarfe mai zagayawa a sama, da sanduna na reto a jikinta, kowace da ɗan faifai a ƙarshe. Ka cafki sandar, ka sa faifan tsakanin cinyoyinka, ta ja ka zuwa sama kana tsaye a kan allunanka. Dattijon ya gargaɗe ni sau uku, "Kada ka zauna, ba kujera ba ce." Ina kamawa na zauna. Sai ga ni a ƙasa, sandar ta tafi abinta, layin mutane na jira in kwashe kaina.

Babbar kuwa kujeru ne da ke rataye a jikin igiya, daga turke zuwa turke, har ƙolin dutsen, sama da mita 3,200. Da ita ake yi wa Ukaimeden kirarin filin zamiya mafi tsayi a Afirka. Na ajiye alluna na hau ta a matsayin ɗan kallo. Kujera ba ta tsayawa, ta bayanka take zuwa ta kwashe ka, ka janyo ƙarfen kariya a gabanka, shi ke nan sai addu'a. Ƙafafu na lilo, ƙasa na nisa, sanyi na shiga har ƙashi. Muna tsakiyar hanya ta tsaya cak na 'yan mintuna, iska na kaɗa mu. Na karanta duk abin da na haddace. A sama kuma sai ka manta da wahalar: ta kudu ga Tubkal, mita 4,167, dutse mafi tsayi a Arewacin Afirka, fari fat, ta arewa ga filin Marakesh a shimfiɗe, ja-ja, kamar kana hango Garwa daga kan Tingilin, sai dai an ninka tsayin sau da yawa.

Daga can sama ne na gane cewa filin ba ɗaya ba ne. A ƙasa inda na yi ta faɗuwa, gangaren mai sauƙi ne, na 'yan koyo. Daga ƙoli kuwa hanyoyin a tsaye suke, ga duwatsu baƙaƙe sun leƙo ta cikin dusar, ba wani shinge. A ƙa'idar wasan ana yi wa hanyoyi alama da launi, kore ta 'yan koyo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙa ta gwanaye. A manyan filayen Faransa da Siwizalan akwai motocin da ke bi da dare suna daddale dusar kamar ana gyaran fili, da injinan da ke fesa ruwa cikin iska mai sanyi ya zama dusa in sama ta ƙi bayarwa. A Uka ban ga injin fesawa ko ɗaya ba. Abin da Allah ya saukar da shi ake wasa. Wanda kuma layi ya ishe shi, ko aljihunsa bai kai tikiti ba, sai ya hau alfadari, mai alfadarin ya saɓa masa alluna a kafaɗa su kama hanya. Ban san wani wuri da dabba da inji ke takarar fasinja ɗaya a kan ƙanƙara ba.

Da rana ta yi tsaka aka kafa sanduna masu tuta, ja da shuɗi, a wani gangare, aka ce yaran wata ƙungiya za su yi tsere. Na matsa kusa, domin ni ɗan sukuwa ne, ba na barin kallon dawaki ranar hawan Lamiɗo. Amma wannan ba irin tamu ba ce, da ake sakin dawaki gaba ɗaya ƙura ta tashi. Nan ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, kowa da agogo yake tsere. Yaro zai sulalo yana ratsa tutocin, dama, hagu, dama, in ya tsallake ɗaya ya fita ke nan ko da ya fi kowa gudu. Wasu yaran da kayansu sababbi fil, da hular kwano, iyaye na ƙasa da kyamara, ka san daga Kasablanka ko Rabat suka zo. Wasu kuwa 'yan tsaunin ne, riga ta yi musu yawa, allo na haya da aka ara daga shagon uba ko kawu. Akwai wani ɗan siriri da bai fi shekara goma sha biyu ba, yadda ya kwanta a kan kwana har gwiwarsa na shafar dusa, kowa sai da ya yi shewa. Dattijon ya taɓa ni ya ce jikan maƙwabcinsa ne. Na ce to wannan ai sai gasar duniya. Ya yi dariya kawai ya ce, "Da wace ƙanƙarar?"

Daga baya na fahimci abin da yake nufi. Maroko ba baƙuwa ba ce a wasan. Tun zamanin mulkin mallakar Faransa ake zamiya a Ukaimeden, akwai wani ƙaramin fili kuma a Mishlifan kusa da Ifran, garin da aka auna sanyin digiri 23.9 ƙasa da sifili a 1935, mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Afirka. Ƙasar ta fara zuwa gasar Olamfik ta hunturu tun 1968 a Garenobul. Amma duba waɗanda suka yi suna. Adam Lamhamedi, wanda ya ci wa Maroko zinare a Olamfik ta matasa a Insburuk a 2012, a Kanada aka haife shi, can ya koya. Samir Azzimani, da ya wakilce ta a 2010 da 2018, haihuwar Faransa ne. Haka abin yake kusan ko'ina a nahiyar. Lamine Guèye na Senegal, baƙar fatar Afirka na farko da ya yi zamiya a Olamfik, a Sarayebo a 1984, a Turai ya koya. Samuel Ikpefan da ya wakilci Najeriya a Beijin a 2022, a Faransa ya tashi. Mu ma muna da namu, ko da yake da yawa ba su sani ba: Isaac Menyoli, ɗan Buya, mai zanen gine-gine da ke zaune a Amurka, ya wakilci Kamaru a tseren zamiya na dogon zango a Salt Lake City a 2002. Bai je don lamba ba, shi da kansa ya bayyana cewa yana son ya samu bakin yi wa mutanen gida magana ne a kan cutar sida.

Ba ina rage musu daraja ba ne. Amma wanda zai yi gasa yana bukatar wata huɗu ko biyar a kan dusa kowace shekara, da mai horarwa, da kuɗin yawo daga wannan tsere zuwa wancan. Yaron Uka yana da dutse a ƙofar gida, ba shi da tabbacin ko mako shida. Kwatanta da tseren Dutsen Kamaru da ake yi a Buya tun 1973, inda Sarah Etonge ta ci sau bakwai har aka yi mata laƙabin sarauniyar dutse. Ita dutsenta na nan rani da damina, abin da take bukata ƙafa ce da numfashi. Shi ya sa a can 'yan gida ke cin tseren gida.

Na koma Marakesh a Fabrairun 2024, wannan karon sayayyar jallabiyoyi da takalma ta kai ni. Yaron ya gama karatu ya samu ɗan aiki a can. Ni na ce masa mu hau Uka.

Ba mu tarar da jerin motoci ba. Tun daga hanya muka riƙa ganin tantuna da gidajen da suka tsage, domin girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023, wadda ta kashe mutum kusan 3,000, a wannan lardi na Alhauz ta fi ɓarna. Da muka isa, dutsen da na bari fari sai na same shi ja, da 'yan tsummokaran dusa a inuwar duwatsu can sama. Kujerun na rataye a igiya ba motsi. Ƙasar na cikin shekara ta shida ta fari a jere. An jere alluna a bakin hanya kamar kullum, amma ba mai tambaya. Wasu matasa sun tattaro 'yar dusar da ta rage sun tara wuri ɗaya, don baƙi su tsaya a kai da allo a ɗauke su hoto a ba su na shayi.

Na nemi dattijon na same shi, ya ƙara tsufa. Bai gane ni ba sai da na ce 1988. Muka zauna ya haɗa shayi, yaron na taya mu da Larabcinsu inda Faransanci ya gaza. Ya ce a shekara mai kyau, daga Janairu zuwa Maris, abin da yake samu a haya da alfadari shi ke sayen garin alkama da sukari da mai na watanni, da kayan makarantar jikoki. Bana bai yi cinikin kwana goma ba. Amma abin da ya fi damunsa ba hayar ba ce. Dusar da ke kan dutse ita ce rumbun ruwansu. Ita ke narkewa a hankali ta cika ƙoramu, ta shayar da gonakin kwari, ta tsirar da ciyawa. In ba ta sauka ba, an yi asara biyu: ba baƙi a hunturu, ba kiwo a bazara.

A nan ya ba ni labarin da ya fi na kujerun lilo burge ni. Wannan fili da muke zamiya a kai, asalinsa makiyaya ce, kuma tana da doka da suke kira agdal. Daga 15 ga Maris ake rufe ta, ba mai shigar da ko akuya ɗaya, har sai 10 ga Agusta, lokacin da ciyawa ta girma ta zubar da iri. Ranar ake buɗewa, mutanen Urika da na Gigaya su hauro da garkunansu da iyalansu, su sauka a bukkokin dutse da kowane gida ya gada. Ya kai ni ya nuna min zane-zane a jikin wasu jajayen duwatsu, shanu da wuƙaƙe, aikin makiyayan da suka hau nan dubban shekaru da suka wuce. Na yi shiru ina tunanin burtalolinmu da gonakin auduga suka cinye, da rigimar da ake yi kowace kaka tsakanin manoma da Mbororo daga Lagdo har Tuboro. Ga mutane sun yanka wa ciyawa ranar hutu, kuma suna kiyayewa. Amma ko ita dokar sai an yi ruwa take da amfani. Shekara guda bayan zaman nan namu, a Fabrairun 2025, Sarki Muhammadu na Shida ya roƙi 'yan ƙasar da su haƙura da layya a wannan shekara, saboda garken ƙasar ya ragu da kashi 38 cikin ɗari a kan ƙidayar 2016. Da na ji labarin a rediyo, tumakin dattijon nan na tuna.

Ya tambaye ni ko mu ma muna da irin wannan a ƙasarmu. Na ce ƙanƙara dai babu, amma kasuwar 'yan watanni mun san ta. Iyayenmu sun ba mu labarin tashar jirgin ruwa ta Garwa, yadda da damina in Binuwai ta cika jirage ke haurowa daga Najeriya da gishiri da siminti da man fetur, su koma da auduga da gyaɗa, gari ya ɗauki harama na wata biyu zuwa uku, 'yan dako su tara na shekara. Hanyoyin mota suka zo, aka gama madatsar Lagdo a 1982, yashi ya cike mashigin, yanzu sai 'yan kwale-kwale da dorinar ruwa. Na kuma ba shi labarin Rumsiki, can ƙasar Kapsiki, inda Turawa ke tururuwa da rani su kalli duwatsun nan masu tsini, su hau doki, su je wurin mai duba da ƙaguwa. Tun da aka sace iyalin nan na Faransawa bakwai a Dabanga a Fabrairun 2013, bayan sun fito daga gandun dajin Waza, ƙafa ta ɗauke. Duwatsun na nan inda suke, masu yi wa baƙi jagora kuwa wasu sun koma gona, wasu sun gangaro Marwa da Garwa suna tuƙa babur.

Na tambaye shi yaron nan ɗan siriri. Ya ce yana Agadir, yana aiki a gonar tumatir, irin wadda ake rufewa da leda. In an yi dusa yakan zo ya yi kwana biyu, ya ari allo ya hau.

Kafin mu tafi na ce ya ɗora ni a alfadari mu je inda sauran dusar take. Muka yi ta hawa a ƙarƙashin kujerun da ke reto, kofato na ƙara a kan tsakuwa. Da muka isa na sauka, na dunƙula 'yar kaɗan a hannu, ta yi tauri, ƙura ta bi ta. Ya ce in dawo baɗi, wataƙila a dace. Da muka sauko na miƙa masa dirhami 100, ya karɓa ya mayar min da 20, ya ce sauran bashin 1988 ya yafe.